Aikin ofis a kamfanin wuraren shaƙatawa: daɗinsa da ɗacinsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Orlando, jihar Florida ta Amurka. Da yawanku kuna tambaya ko a kan lilo da majaujawa nake yini. Ina! Ni ma'aikaciyar ofis ce, sashen tsare-tsare. Daga ni sai kwamfuta da lissafin baƙi: nawa suka shigo jiya, nawa ake sa rai gobe.

Daɗi kam akwai shi. Katin aiki yana shigar da ni filin shaƙatawar kyauta, ana ba ni tikitin iyali, ga rangwamen otal. Ga inshorar lafiya, wadda duk mazaunin ƙasar nan ya san darajarta. Florida kuma ba ta cire harajin jiha daga albashi.

Sai dai abincinmu a ƙofar shiga yake. In fili ya cika, kowa fuska a sake. In ƙafa ta ɗauke, sai ka ji ofis ya yi tsit, an fara ƙus-ƙus a lungu. Ku tuna 2020, lokacin korona, Disney, babban kamfanin wuraren shaƙatawa, ta sanar da sallamar ma'aikata 28,000. A 2023 ta ce za ta sake rage 7,000, ta kuma soke shirin dawo da ma'aikata kusan 2,000 daga Kalifoniya zuwa unguwar Lake Nona da ke nan Orlando, bayan wasu sun riga sun tattara nasu-ya-nasu sun taso. Wallahi wannan ta fi tsaya mini a rai, don tayar da iyali ba wasa ba ne.

Albashi kuma, a ganina, bai kai sunan ba. Kamfanin da ke da farin jini ya san ko ka tafi, layi na jiran kujerarka, shi ya sa ƙarin girma ke tafiyar hawainiya.

Hutu fa? Lokacin da kowa ke hutawa, irin Kirsimeti da hutun 'yan makaranta, lokacin ne aikinmu ke tashi. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuma idonmu na kan hasashen guguwa, don rufe fili na yini ɗaya ma sai ya rikita lissafin wata. Hutun Sallah dai ban cika shan wahalar samunsa ba, muddin bai faɗo cikin cunkoso ba.

Mai sha'awar wannan layi, ranar ganawar ɗaukar aiki ya daure ya tambaya: me ya faru da sashen nan a 2020?