Ƙaura daga Greensboro zuwa Columbus: tsohuwar mota da tirelar kaya

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki, musamman mutanen gida na Maradi da suke bibiyar wannan shiri. Yau zan ba ku labarin ƙaurata ne daga Greensboro, a jihar North Carolina ta Amurka, garin da ƴan Nijar suke da yawa a cikinsa, kuma zan nuna muku yadda na kwashe kayan gidana zuwa Columbus ta jihar Ohio da motata, ina jan tirela a baya. Tafiyar ta kai mil 400 ko kusa da haka, wato wajen kilomita 650, kusan nisan Maradi zuwa Yamai ke nan, sai dai ita wannan hanyar rabinta hawa da gangara ne a cikin duwatsun Apalashiya.

Motar da kuke gani Honda Pilot ce ƙirar 2006, irin wadda muke kira kat-kat a gida. Littafinta ya ce iyakar tirelar kaya da za ta iya ja laba 3,500 ce, kusan kilo 1,590, kuma ya gindaya sharaɗin a ƙara mata na'urar sanyaya man giya da ta man sitiyari kafin a ɗaura mata nauyi. Wannan adadi ya haɗa da nauyin tirelar kanta, sannan yana raguwa gwargwadon yawan mutanen da suka shiga motar. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne an rubuta shi ne lokacin da motar take sabuwa, don haka na ɗauke shi a matsayin katangar da ba na son ko matsawa kusa da ita.

A kamfanin U-Haul, inda mafi yawan masu ƙaura a nan suke hayar tirela, na tarar da zaɓi biyu da suka sa na tsaya tunani. Akwai ƙarama mai faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 8, wadda nauyinta ba kaya bai wuce kilo 410 ba, amma ba ta da birki nata na kanta. Akwai kuma mai ƙafa 6 da 12, mai tayoyi huɗu, wadda ita kaɗai ta kai kilo 870, amma tana da birki wanda yake kamawa da kansa duk lokacin da mota ta rage gudu tirelar ta turo ta daga baya. Littafin motata ya ce duk tirelar da ta kai laba 1,000, wato kilo 450, ya kamata ta kasance da birkinta. Da hanyar shimfiɗaɗɗiya ce da wataƙila na yi shawara ta daban, amma da na tuna gangaren da yake gabana, da iyali da suke jirana a can, sai na ɗauki mai birkin, na yarda cewa kayan da zan zuba mata ba za su wuce kilo 550 ba.

A nan ne aka yi ja-in-ja. Ƴan uwa Maraɗawa sun zo taya ni lodi, kamar yadda muka saba yi wa juna, kuma da muka gama sai ga kusan rabin tirelar a buɗe, ga kuma firji da kujerun falo da buhunan shinkafa a tsakar gida. Wani dattijonmu da ya daɗe yana tuƙa manyan motoci tsakanin Maradi da Katsina kafin ya zo ƙasar nan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ga fili har mutum ya shimfiɗa tabarma, kai kuma za ka bar kaya a ƙasa?" Na ce masa, "Baba, Allah ya ƙara girma, filin yana nan, amma ƙarfin motar ne ya ƙare." Na fahimci maganarsa sarai, domin duk wanda ya taso yana ganin yadda ake lodi a tashoshinmu, a ɗaure buhu a kan buhu har mota ta durƙusa, ya saba auna kaya da ido. To amma ido fili yake gani, ba ya ganin nauyi, kuma akwatin giya da birki nauyi kaɗai suka sani. Firjin na sayar, kujerun na ba wani ɗalibi da ya zo kwanan nan, shinkafar kuma aka raba a gidajen ƴan uwa.

Ku matso ku ga yadda muka jera kayan. Ka'idar ita ce kashi 60 cikin 100 na nauyi ya zauna a gaban tayoyin tirela, ɓangaren da yake kusa da mota, sauran kashi 40 a baya. Akwatunan littattafai da tukwane da injin ɗinkin uwargida duk suna ƙasa kuma a gaba, katifu da jakunkunan tufafi suna sama da baya, an kuma ɗaure kowane sashe da igiya don kada ya zame. Dalilin shi ne wuyan tirela dole ya danna ƙugiyar da ake ɗaura ta a bayan mota da kashi 10 zuwa 15 na dukan nauyinta. Idan nauyi ya koma baya, wuyan ya yi sakayau, da zarar an ɗan yi gudu sai tirelar ta fara lilo hagu da dama, kuma lilon ƙaruwa yake yi har ya fi ƙarfin direba. Idan kuma ya yi yawa a gaba, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya daina kama hanya yadda ya kamata.

Wannan nauyin da yake danna ƙugiya a kan motar yake, saboda haka ana lissafa shi cikin abin da motar take ɗauka, tare da direba da fasinja da duk abin da aka sa a but. Adadin yana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ƙofar direba. Shi ya sa uwargida da yara suka shiga motar wani abokina, ni kuma na tafi da ƙanena kaɗai.

Kafin ranar tafiya na kai motar wajen bakanike, kuma a ganina wannan ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk ƙaurar. An sauya man giya, an duba birki da mansa, an duba lagireto da robobinsa, domin tsohuwar roba takan fashe ne daidai lokacin da inji ya ɗau zafi a kan hawa. Injin wannan motar yana da bel na ciki da ake sauyawa bayan kimanin mil 105,000 ko shekara 7, wanda idan ya tsinke ana cikin tafiya yakan lalata injin, don haka duk mai irinta ya tabbatar an taɓa sauya shi. Ga kuma abin da mutane da yawa ba sa dubawa, wato shekarun taya. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, to mako na 23 ne na shekarar 2019. Taya tana iya kasancewa da zanenta radau alhali robar ta bushe, kuma masu ƙera taya da yawa sun ce kada a wuce shekara 10 da ita ko da ba ta cinye ba.

Ga ɗaurin nan kuma. Bakin tirela yana zama a kan dunƙulen ƙarfe mai inci 2, a murɗa makullin har ya kama, sannan a ɗaga da hannu a ji ko zai fita. Sarƙoƙi biyu ana gicciya su ne a ƙarƙashin wuyan, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don idan ɗaurin ya kwance wuyan ya faɗa a kansu maimakon ya soki kwalta. Ƙanena ya tsaya a baya, na taka birki, na kunna sigina hagu da dama, ya tabbatar duk fitilun suna amsawa.

Daga nan ba mu hau babbar hanya ba sai da muka biya ta wani gidan man manyan motoci da yake da sikeli. Ana hawa da mota da tirela gaba ɗaya, a biya ƴan daloli kaɗan, a ba ka takarda da ta nuna nauyin gaban mota da na bayanta da na tirela daban-daban. Tamu tirelar ta tsaya ƙasa da kilo 1,450, sai hankalina ya kwanta. Ina roƙon duk wanda zai yi irin wannan tafiya da kada ya tsallake wannan awo, domin kwali ɗaya-ɗaya ba ya nuna nauyi a hannu, sai an tara shi.

Jarrabawar farko tana kan hanya mai lamba 77, jim kaɗan bayan an shiga jihar Virginia, a wurin da ake kira Fancy Gap, inda hanya take hawa sama da mita 400 cikin kimanin kilomita 10, kuma wurin ya yi suna da hazo da iska. Na sauke giya zuwa D3, inda mota ba ta wuce giya ta uku, tun daga gindin dutsen, domin idan aka bar ta a D motar takan yi ta sauya giya sama da ƙasa, wannan kuwa shi ne yake dafa man giya. Na tsaya a layin dama tare da manyan motoci, na kashe na'urar sanyaya ɗaki, idona yana kan allurar zafin inji. A jikin tirelar an rubuta kada a wuce mil 55 a awa, kusan kilomita 90, kuma ban wuce ba ko a inda hanya ta miƙe.

Bayan garin Wytheville mun bi ta ramuka biyu da aka haƙa a cikin dutse, na biyun shi ne ya fitar da mu jihar West Virginia, inda ake biyan kuɗin hanya a wurare uku kafin a kai Charleston, kuma mai jan tirela yana biyan fiye da mai mota kaɗai. Gangaren wannan yanki ya fi hawan ban tsoro. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki ya bar ta a can, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa. Abin da na yi shi ne na sa ƙaramar giya tun daga sama don inji ya riƙe motar, in taka birki da ɗan ƙarfi har gudu ya ragu, in sake shi ya huce. Sau ɗaya wata babbar mota ta wuce mu iskarta ta kaɗa tirelar, sai na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, ban taka birki ba, ta dawo daidai da kanta.

Duk inda muka tsaya yin salla ko shan mai, kuma mai ya sha fiye da yadda motar ta saba, nakan zagaya in taɓa makulli da sarƙa, in kai bayan hannuna kusa da tsakiyar kowace taya in ji ko wata ta fi sauran zafi. Nakan kuma zaɓi wurin da zan fita ta gaba, domin komawa baya da tirela aiki ne mai wuya. Idan ya zama dole, ka kama sitiyari ta ƙasa, ka kai hannunka ɓangaren da kake son bayan tirelar ya nufa, a hankali ƙwarai, wani yana tsaye yana yi maka ishara.

Mun ƙetare kogin Ohio a Ravenswood, muka bi hanya mai lamba 33 ta Athens da Lancaster, muka shiga Columbus lafiya, alhamdu lillahi. Ƴan uwa na nan sun taya mu sauke kaya a daren, da safe na mayar da tirelar reshen kamfanin da yake wannan gari, tunda haya ce ta zuwa kawai. Kafin motar ta koma aikinta na kullum zan kai ta a sake duba birkinta da launin man giyarta, domin idan man ya yi duhu ko yana ƙauri, to ya sha zafi a kan duwatsun nan kuma sai an sauya shi.