Empress 1908: Jin Ɗin da Ke Sauya Launi a Cikin Kofi

Ku kalli kofin nan da kyau, masu kallo. Abin da ke ciki shuɗi ne mai duhu. Yanzu ga lemun tsami, an matsa kaɗan. Kun gani? Shuɗin ya fara komawa shunayya, kafin ka ce kwabo ya zama ruwan hoda.

Wannan shi ne Empress 1908, nau'in giyar da ake kira jin, kuma barasar da ke cikinsa ta kai kashi 42.5 cikin ɗari. Kamfanin Victoria Distillers ne ke yin sa a garin Sidney, lardin British Columbia na ƙasar Kanada, ya kuma shigo kasuwa a 2017. Sunan ya samo asali daga otal ɗin Empress da ke birnin Victoria, wanda aka buɗe a 1908, kuma ya yi suna da shayin la'asar. Shi ya sa baƙin ganyen shayin otal ɗin yake cikin kayan haɗin.

Kowane jin, ƙashin bayansa 'ya'yan itacen junifa ne, masu ƙamshin itacen daji da ɗan ɗaci. A nan an ƙara ɓawon garehul, da citta, da kirfa, da 'ya'yan koriyanda, da furen wardi. Masu ɗanɗana shi suna cewa junifa da ƙamshin lemu ne ke fara zuwa, sai yajin citta da kirfa su biyo baya a hankali.

To, launin fa? Wani fure ne mai hawa shinge, shuɗi shar, da ake nomawa sosai a kudu maso gabashin Asiya, masana suna kiransa Clitoria ternatea. Ta hanyar tururi ake tace jin, launi kuwa ba ya bin tururi, don haka sai an gama tace giyar ta fito fara ƙal, sannan a jiƙa furen a ciki. Furen yana ɗauke da sinadarin antosayanin, dangin wanda ke ba zoɓo jan launinsa. Duk wadda ta taɓa sa kanwa a zoɓo ta ga ya yi duhu, ta riga ta ga aikin wannan sinadari. Tsami yana jan shi zuwa ja, kanwa tana jan shi zuwa kore.

Abin da ya fi burge ni shi ne, tun kafin furen ya shiga kwalbar Kanada, mata a kicin sun daɗe da saninsa. A Maleshiya da shi ake rina shinkafar nasi kerabu ta fito shuɗiya. A Tailan ana dafa shi kamar shayi, a sa zuma ko sukari, a matsa lemun tsami.

Saboda haka wanda addininsa ko lafiyarsa ta hana shi barasa, zai iya ganin wannan sauyin launi da busasshen furen kawai. A jiƙa shi a ruwan zafi na mintuna kaɗan, a tace, a zuba ƙanƙara, sannan a ɗiga lemun tsami sannu a hankali.