Sharhi: Atisayen da ke kashe 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai leƙa filayen ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake bugawa da hular kwano da sulken kafaɗa, musamman wadda ɗaliban jami'o'i ke yi a ƙarƙashin hukumar NCAA. Duk wanda ya kalli yadda ƙartai ke gwabza karo a wasan zai ɗauka cewa karon ne ke kisa. To, wani bincike da shugaban jami'an lafiyar 'yan wasa na Jami'ar Oklahoma a lokacin, Scott Anderson, ya fitar a 2017 ya ƙirga 'yan wasa 33 da suka mutu daga 2000 zuwa 2016. Shida ne kawai suka mutu ta dalilin karo. Sauran 27 ba wanda ya buge su, akasarinsu a wajen atisayen gina jiki suka faɗi, lokacin da ba gasa ake yi ba, ba kuma 'yan kallo.

Jami'ar Maryland ta isa misali. Ta shiga rukunin gasar manyan jami'o'i na Big Ten a 2014, inda take karawa da manya irin su Ohio State da Michigan, ta kuma ɗauki DJ Durkin a matsayin babban koci a Disamban 2015. Kakarsa ta farko ya ci wasa 6 aka doke shi a 7. Ta biyu, wato 2017, ta fara da daɗi, domin sun je har gida sun doke Texas da ci 51 da 41, amma a wannan wasan mai jefa ƙwallonsu na farko, Tyrrell Pigrome, ya tsinke jijiyar gwiwa. Ba a yi wata guda ba wanda ya gaje shi, Kasim Hill, shi ma tasa ta tsinke. Raunin wannan jijiya aiki ake yi wa mutum, ya kuma yi watanni tara ko fiye kafin ya dawo fili. Aka gama kakar da nasara 4 da shan kashi 8.

Ƙungiyar da ta gama kaka a haka, maganar da ke fitowa daga bakin masu horarwa kusan ɗaya ce: yaran ba su da juriya, sai an gasa su. Wanda ake miƙa wa wannan aiki kuwa shi ne kocin ƙarfafa jiki. Dokar NCAA ta taƙaita lokacin da babban koci zai yi da 'yan wasa a hutun bazara, amma ta bar awa takwas a mako na ɗaga ƙarfe da gudu. Saboda haka a waɗannan watanni kocin ƙarfafa jiki ne ke riƙe da yaran, kuma yawanci babban koci ne ya kawo shi, shi yake son ya burge. A Maryland mai wannan muƙami shi ne Rick Court.

Ranar 29 ga Mayun 2018 'yan wasan suka dawo daga hutu, aka sa su gudun yadi 110, kusan mita 100, har sau goma, kowane da lokacin da aka ƙayyade. Cikinsu akwai Jordan McNair, ɗan shekara 19, mai nauyin kusan kilo 147, ɗaya daga ƙartan layin gaba masu tare hanya. Zafin ranar bai wuce digiri 27 ba, abin da mu nan za mu kira lullumi. Kafin a kai ga gudu na ƙarshe jikinsa ya fara ƙi, sai da abokan wasansa suka tallafe shi ya ƙarasa. Rahoton da masani Rod Walters ya rubuta bisa buƙatar jami'ar ya jera lokutan dalla-dalla. Daga fara alamun, minti 34 suka wuce kafin a fitar da shi daga fili. Sai bayan minti 67 aka kira motar asibiti. Daga fara alamun zuwa tashin motar, awa ɗaya da minti 39. A duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya auna zafin cikin jikinsa, ba a kuma tsoma shi cikin ruwan sanyi ba. Da aka auna a asibiti, zafin ya kai digiri 41. An yi masa dashen hanta, amma ya rasu ranar 13 ga Yuni.

Abin da ya kashe shi likitoci sun san shi, sun kuma san maganinsa. Tsokar da ke aiki tana fitar da zafi, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin da jiki ke ƙonawa zafi yake zama. Mutum mai ƙiba da tsoka yana tara zafin da sauri, fatarsa kuma ba ta isa ta fitar da shi da sauri ba. Idan zafin ciki ya haura digiri 40 da rabi, ƙwaƙwalwa ce ke fara nunawa: mutum ya rikice, ya yi ta tangaɗi, ya yi magana ba kan gado, wani ya yi faɗa da masu taimaka masa. Nan ne masu horarwa ke yin kuskure, su ɗauka taurin kai ne ko lalaci. Wani kuskuren kuma shi ne jiran gumi ya tsaya. Ɗan wasan da zafi ya buge a wajen gudu yawanci jikinsa sharkaf yake da gumi. Idan aka bar shi a wannan zafi fiye da minti 30, hanta da ƙoda da hanji suna fara lalacewa, jini ya daina daskarewa yadda ya kamata.

Ga yadda ake ceto. A auna zafin ta dubura, domin na'urar baki da ta kunne da ta goshi duk suna yaudara a jikin wanda ya gama gudu. A tuɓe masa sulke da riga. A tsoma shi har wuya cikin baho mai ruwa da ƙanƙara, sanyin ruwan tsakanin digiri 2 zuwa 15. Mutum ɗaya ya zura tawul ta ƙarƙashin hammatarsa ya riƙe daga baya don kada kansa ya nutse, wani ya riƙa juya ruwan ba tsayawa, domin ruwan da ya kwanta a jikin fata nan da nan yake ɗumi. Ta wannan hanya zafin yana sauka da kusan digiri ɗaya cikin minti biyar zuwa bakwai, wato daga 42 zuwa 39 kusan minti sha biyar zuwa ashirin ne. Da ya kai 39 sai a fitar da shi, sannan a tafi asibiti. Ƙa'idar da Cibiyar Korey Stringer ta Jami'ar Connecticut ke koyarwa ke nan: a sanyaya tukuna, sannan a ɗauka. An raɗa wa cibiyar sunan ɗan wasan ƙungiyar Minnesota Vikings da zafi ya kashe a Agustan 2001. Bahon ba wani abin tsada ba ne, irin na roba ne da ake shayar da shanu. Inda babu shi, tamfal ma ta wadatar: a kwantar da mutum a kai, mutane su ɗaga gefuna, a zuba ruwa da ƙanƙara ana girgizawa. Abin da ya fi ciwo a lamarin Maryland shi ne suna da bahunan, amma an sauya wurin atisayen ranar, ba a tanade su a bakin fili ba.

Akwai kuma tambayar da ta riga wannan: me ya sa aka fara da gudu goma a ranar farko? Jiki yana buƙatar kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya saba da aiki cikin zafi. A cikin waɗannan kwanaki ruwan jini yana ƙaruwa, gumi ya fara fita da wuri, gishirin da ke zuba da shi ya ragu. Hutun makonni uku ko huɗu yana zubar da mafi yawan wannan sabo. A 2003 NCAA ta kafa dokar kwana biyar na sabawa: kwana biyu da hular kwano kawai, biyu da hula da sulken kafaɗa, sai a rana ta biyar a sa cikakkun kaya. A 2017 kuma ta hana atisayen karo sau biyu a yini. Amma duk wannan ya shafi sansanin watan Agusta ne. Gudun Janairu da na Mayu da Yuni an bar su a hannun kocin ƙarfafa jiki. Shi ya sa a Janairun 2011 aka kwantar da 'yan wasan Jami'ar Iowa 13 a asibiti bayan an sa su tsuguno da ƙarfe sau 100 jim kaɗan da dawowa hutu. Tsokarsu ta farfashe, dattinta ya shiga jini ya dami ƙoda, fitsarinsu ya koma kamar baƙin shayi. A Janairun 2017 haka ta faru da uku a Jami'ar Oregon, ƙarƙashin sabon koci.

Sai a 2019 ƙungiyoyin masu horar da ƙarfin jiki suka fito da lissafi a fili. Ga wanda ya dawo daga dogon hutu, musamman sabon shiga, a rage yawan aiki da kashi 50 cikin ɗari a makon farko, 30 a na biyu, 20 a na uku, 10 a na huɗu. A makon farko, duk daƙiƙa ɗaya ta aiki a ba da aƙalla huɗu na hutu. A shekarar ce NCAA ta ba da shawarar a rubuta tsarin kowane atisaye kafin a yi shi, a kuma daina hukunta ɗan wasa da gudu. Da wannan lissafi, gudun farko na Maryland biyar ya kamata ya zama, ba goma ba.

Wani ɓangaren ya shafe mu kai tsaye, wato jinin AS, na wanda ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, kuma mai shi lafiyayye ne, yana iya zama zakara a kowane wasa. Haɗarin yana zuwa ne idan aka sa shi gudu iya ƙarfi ba hutu, ga ƙishi, ga zafi. Ƙwayoyin jini sai su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. Alamunsa sun bambanta da na bugun zafi: yana iya faruwa cikin 'yan mintuna da fara gudu, ƙafafu su saki ba tare da tsoka ta ɗaure ba, mutum yana cikin hayyacinsa yana magana. Abin yi shi ne a tsayar da shi nan take, a ba shi iskar numfashi, a kira likita. NCAA ta fara tantance jinin 'yan wasan manyan jami'o'i a 2010, bayan mutuwar Dale Lloyd na Jami'ar Rice a 2006. Duk da haka a Fabrairun 2014 Ted Agu, ɗan asalin Najeriya da ke Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, ya mutu bayan an sa su hawa tudu a guje suna riƙe da igiya, alhali an san yana da AS. Gwajin da koci ba ya aiki da sakamakonsa bai kare kowa ba. Masu horar da matasanmu a Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, su san jinin kowane yaro kafin su busa usur.

A ra'ayinmu tushen matsalar shi ne wa ke da ikon cewa a tsaya. Tun 2016 manyan rukunonin jami'o'i suka amince cewa hukuncin jami'in lafiya ba mai ja da shi. Amma matuƙar aikinsa da albashinsa suna hannun sashen da ke neman nasara, zai yi nauyin baki a gaban koci. Daidai ne a mayar da jami'an lafiyar 'yan wasa ƙarƙashin likitocin jami'a, kocin ƙarfafa jiki ma ya riƙa ba da bahasi ga wani daban ba babban koci ba.

A Maryland, tashar ESPN ta ba da rahoto a Agustan 2018 cewa ana tozarta 'yan wasa da zagi da tsoratarwa. Aka dakatar da Durkin, Court ya ajiye aiki, shugaban jami'ar Wallace Loh ya fito ya ce sun ɗauki alhakin kurakuran da aka yi a shari'ance da kuma a ɗabi'ance. Ranar 30 ga Oktoba aka mayar da Durkin bakin aiki, ɗalibai da 'yan siyasar jihar suka yi caa, washegari aka kore shi. Ƙungiyar ta gama kakar a hannun kocin riƙo, Matt Canada, da nasara 5 da shan kashi 7, Kasim Hill kuma ya sake tsinke jijiyar gwiwa a Nuwamba. A Janairun 2021 jami'ar ta amince ta biya iyayen McNair dala miliyan uku da rabi. Gidauniyar da suka kafa da sunansa tana koyar da masu horarwa da iyaye alamun bugun zafi, tana kuma raba wa ƙungiyoyin matasa bahunan ruwan sanyi.