Shuɗin da ke jikin ƙwan kwaɗo, me yake nunawa?

Salamu alaikum jama'ar zango. Wannan hoton, ƙwan kwaɗo da zoben shuɗi a ƙasansa, ya zaga WhatsApp daga Aboabo har Asawase a Kumasi, wai Turawa sun sauya wa kwaɗo halitta. Wasu ƙannenmu ɗaliban jami'ar KNUST kuma suka ce a'a, shuɗin yana nuna inda ƙwayar gado (gene, umarnin halitta da ake gada daga iyaye) take ne a jiki. Su ma sun kauce hanya, kuma a kan tasu maganar zan tsaya.

[Kwaɗi cikin tankin ruwa]

Ga mai ƙwan, Xenopus laevis, kwaɗon kudancin Afirka. A shekarun 1940 da 1950 da ita ake gwajin ciki: a yi wa macen allurar fitsari, in ta zuba ƙwai, sai a fara tanadin ragon suna. Bari mu wuce.

A 1962 John Gurdon ya ciro cibiyar sel ɗaya (sel shi ne ƙaramin tubalin jiki, a cibiyarsa ƙwayoyin gado suke) daga hanjin talibambam, ya sa ta cikin ƙwan da aka kashe wa tasa cibiyar, sai ga cikakken talibambam. Aikin da ya ba shi Nobel a 2012 ke nan. Ashe sel na hanji ma yana riƙe da dukkan ƙwayoyin gado. Da wurin ƙwayar gado ake rinawa, da ƙwan nan gaba ɗayansa ya yi shuɗi.

Ku tuna makarantar allo. Littafi yana hannun kowane yaro, amma abin da ya rubuta a allonsa yau, shi ne karatunsa, gobe a wanke. DNA, mai ɗauke da ƙwayoyin gado, littafin ne; mRNA, saƙon da sel ya kwafo daga ciki don aiki, rubutun allon. Rubutun ake farauta.

[Hannu da bututun gwaji]

Ga yadda ake farautar: a tsoma ɗan tayin, wato ƙwan da ya fara girma, a sinadarin formaldehyde ya sandare, a ɗan sassauta jikinsa da sinadarin proteinase K don abin da za a zuba ya samu shiga. To, a nan ku nutsu. Ana haɗa wani zaren RNA a ɗakin gwaji wanda haruffansa kishiyar saƙon da ake nema ne: inda saƙon ke da A, shi yana da U, inda ke da G, shi yana da C. Kishiya fa, ba kwafi ba. Kwafi ba zai manne ba. Su kwana tare a zafin digiri 60, zaren ya laluba ya kama abokinsa. Me ya sa bai kama DNA ba? Ita igiya biyu ce a murɗe, a rufe. Shi kuwa mRNA igiya ɗaya ce a buɗe, ga shi da yawa a sel ɗin da ke aiki da shi.

Sai wanki, wanki, wanki. Kun ga hannun nan bai huta ba.

Zaren yana ɗauke da alama, digoxigenin. A zuba antibodi, wani furotin mai gane alamar ya manne mata, ɗauke da enzayim (furotin mai sarrafa sinadarai) alkaline phosphatase, enzayim ɗin kuma ya juya wani sinadari zuwa shuɗi a daidai inda ya tsaya. Richard Harland ya tsara wannan hanya ga kwaɗo a 1991.

Ni dai duk hoton da aka nuna mini ba tare da na gwajin kwafi a gefensa ba, ba na saurin yarda. In an zuba kwafin ma ya yi shuɗi, datti ne kawai.

[Zoben, kusa-kusa]

Wannan zoben saƙon wata ƙwayar gado ne mai suna brachyury, a sel-sel da za su zama tsoka da sandar baya. Akwai wata hanyar gano saƙon, RT-PCR, amma ita sai an niƙe ɗan tayin, ta faɗi yawan saƙon, ba ta faɗin wurinsa.

Bidiyon da kuke gani zoben yana matsawa zuwa wutsiya kuwa, ba ƙwai ɗaya ba ne. Tun a formaldehyde ɗan tayi yake mutuwa. 'Yan tayi ne daban-daban, kowanne an tsayar da shi a matakinsa, aka jera hotunan.