Mako Uku a Asibitin Wasu

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu a nan hankalinmu ke kan gona, jami'o'in Amurka na dogon hutu. A cikin hutun ne wasu ɗalibai Yahudawa masu karatun digirin farko ke rataya jaka su bar ƙasar, mako biyu ko uku, don wani kwas na musamman kan giɓin da ke tsakanin masu hali da marasa hali wajen kiwon lafiya. Ajali na Allah ne, wannan ba a ja. Abin da ake tura su su duba shi ne sababi: me ya sa cuta ɗaya take yi wa wani kwana uku ta tafi, wani kuma ta kai shi kushewa. Wasu jami'arsu ce ke shirya tafiyar. Wasu kuma ƙungiyoyin agaji ne, irin su JDC ta Yahudawan Amurka da aka kafa tun 1914, wadda reshenta na matasa, Entwine, ke kai su ƙasashe kamar Habasha da Indiya.

Na san da an ambaci Yahudawa, zuciyar mai sauraro sai ta tafi Falasɗinu. Ban hana ta ba, kuma zan biyo ta can ɗin. Amma mu fara da dalilin da su masu tafiyar ke bayarwa. A addininsu akwai hukuncin da suke kira pikuach nefesh, wato ceton rai na gaba da kusan kowace doka, har da ta ranar Asabar da ba su ko kunna wuta a cikinta. A littattafan malamansu na dā an rubuta cewa wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci duniya ce baki ɗaya. Wanda ya san aya ta 32 a Suratul Ma'ida ba zai ji wannan magana baƙuwa ba, domin ayar da kanta ta ce Bani Isra'ila aka rubuta wa. Sannan ga tarihi. Kakannin waɗannan yara sun ɗanɗani wariya a Amurka, inda daga shekarun 1920 makarantun likitanci da dama suka ƙayyade yawan Yahudawan da za su ɗauka, komai ƙoƙarin yaro.

To, a ce ɗaliba ta sauka Addis Ababa. Mai yiwuwa a kai ta wurin Dokta Rick Hodes, likitan JDC, Bayahude ɗan Amurka da ya soma aiki a Habasha tun tsakiyar shekarun 1980. Abin da za ta tarar a layi yara ne masu ƙusumbi, bayansu ya lanƙwashe, wasu tarin fuka ne ya ci musu ƙashin baya, wasu haka suka taso ba wanda ya duba. Lanƙwasar kan kai matsayin da take matse huhu, yaro ya yi taku kaɗan ya tsaya yana haki. A gefensu ga masu ciwon zuciya, wanda asalinsa ciwon maƙogwaro ne da maganin penisilin na 'yan kuɗi kaɗan zai iya tsayarwa, amma ba a samu ba. A garin su ɗalibar, da wuya irin wannan ta kai haka.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne inda ake kai masu ƙusumbin. Da yawansu Ghana ake tura su, asibitin FOCOS da ke Pantang a gefen Accra, wanda Dokta Oheneba Boachie-Adjei ya kafa bayan ya shekara da shekaru yana tiyatar ƙashin baya a New York. A can, kafin a taɓa yaro da wuƙa, sai a ɗaura masa zoben ƙarfe a ƙoƙon kai, a rataya nauyi yana jan ƙashin bayan a hankali, wani lokaci watanni, yana yawo da abinsa a cikin wani keke na musamman. Ɗalibar da ta zo da tunanin cewa magani daga Turai da Amurka yake sauka, sai ta ga ɗan Afirka ne ke riƙe da wuƙar. Gani ya kori ji.

Amma fa ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Baƙo raɓa ne. Mako uku ba ya isa mutum ya iya gaisuwa da Amharik, harshen Habasha, yadda ya kamata, balle ya gane me ya hana uwa kawo ɗanta asibiti da wuri. Duk sa'ar da ma'aikaciyar jinya ta ɓata tana zagayawa da baƙi tana musu bayani, daga lokacin marasa lafiya aka yanko ta. Kuɗin tikitin jirgin ɗalibi ɗaya zai sayi penisilin ɗin yara masu yawa. Akwai kuma ɗaukar hoton yaro a kan gado a ɗora a Instagram, abin da a asibitin Amurka ba wanda zai bari a yi. Mafi muni, a irin waɗannan tafiye-tafiye gaba ɗaya, ba na Yahudawa kaɗai ba, an sha kuka da ɗaliban da ba su ko shiga ajin likitanci ba amma a bar su su yi allura ko ɗinki, har sai da ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin hana hakan. Ga kuma tambayar da ba a cika son ji ba: ɗalibi ɗan Habasha nawa ne ke samun biza ya je ya leƙa asibitocin unguwannin talakawan Amurka? Alhali Habasha na da abin koyarwa. Ta horar da dubban mata ma'aikatan lafiya na karkara, bibbiyu a kowace ƙaramar gunduma, suna bin gida-gida.

Wasu tafiye-tafiyen Isra'ila suke nufa. A can, idan malamin mai gaskiya ne, ba zai tsaya ga nuna musu dokar inshorar lafiya ta 1995 da ta game kowane ɗan ƙasa ba. Zai kai su hamadar Negev, inda Larabawa makiyaya ke zaune a gomman ƙauyukan da gwamnati ba ta amince da su ba, babu wutar gwamnati, ruwan famfo sai da wahala, kuma mutuwar jarirai a cikinsu ta ninka ta Yahudawa fiye da sau biyu. Zai kuma gaya musu cewa majinyacin Gaɓar Yamma sai da takardar izini yake isa asibitocin Gabashin Ƙudus, haka ma na Gaza kafin yaƙin 2023. Kwas ɗin da ya tsallake wannan yawon buɗe ido ne.

Duk da haka ban ce a daina tafiyar ba, kuma dalilina wani mutum ne, Jack Geiger. A ƙarshen shekarun 1950, yana ɗalibin likitanci, Bayahude ɗan New York, ya tafi Afirka ta Kudu ya yi 'yan watanni a Pholela, wani ƙauyen Zulu inda Sidney Kark da matarsa Emily, su ma Yahudawa, suka buɗe cibiyar lafiya a 1940. Su ba jiran majinyaci suke yi ba. Sun horar da 'yan gari, ana ƙirga gidaje, ana duba ruwan sha da abin da ake dafawa, ana koyar da noman lambu. Geiger bai je ya ceci kowa ba, kallo ya yi ya koya.

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Shi da ya koma gida sai ya duba ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ga baƙaƙen fata masu aikin auduga a jihar Mississippi na cikin yunwa da rashin ruwa mai tsabta irin wanda ya baro a Pholela. A tsakiyar shekarun 1960 ya jagoranci buɗe cibiyoyi biyu, ɗaya a Boston, ɗaya a Mound Bayou ta jihar Mississippi, garin da 'yantattun bayi suka kafa a 1887. Suka haƙa rijiyoyi, suka gina masai, suka kafa gonar haɗin gwiwa. Idan an kawo yaro mai tamowa, sai likita ya ɗauko takardar magani ya rubuta madara da ƙwai da nama, uwar ta kai kantin unguwa a ba ta, a cire kuɗin daga kason magunguna. Da hukuma ta aiko jami'i ya ji ba'asi, Geiger ya amsa masa cewa a littattafan da ya karanta, maganin yunwa abinci ne.

Daga waɗannan cibiyoyi biyu aka samu irinsu a faɗin Amurka, waɗanda yanzu ke duba mutum fiye da miliyan 30 a shekara. Geiger ya rasu a 2020. Kuma har yau a ƙasar da waɗannan ɗalibai za su koma a ƙarshen Agusta, mace baƙar fata ta fi farar fata haɗarin mutuwa wajen haihuwa kusan ninki uku.