Sharhi: Shin ta'addanci yana ƙarewa? Duba ga yaƙin Tafkin Chadi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan tambayar da ke tasowa ne duk sa'ad da aka binne mutanen da wani hari ya rutsa da su: shin akwai ranar da za a ce ta'addanci ya ƙare?

Ƙungiya tana mutuwa, wannan babu tantama. An murƙushe 'yan tawayen Tamil a Siri Lanka a 2009. Ƙungiyar 'yan aware ta ETA a ƙasar Sifen ta rusa kanta a 2018. A nan gida, rikicin Maitatsine da ya ci dubban rayuka a Kano a 1980 ya sake ɓarkewa a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985, daga nan ya mutu. Abin da ba a taɓa kawarwa ba shi ne dabarar kanta, wato kashe wanda bai ji ba bai gani ba don a tsorata gwamnati. Duk wanda ya samu mutum biyar da bindiga biyu zai iya ɗaukarta. Saboda haka tambayar da ke da amfani ita ce yadda ake rage ƙungiya har ta kasa riƙe ƙauye, ta kasa tare hanya, ta koma matsalar 'yan sanda da kotu.

A 2008 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta bi diddigin ƙungiyoyi 648 da suka yi ta'addanci tsakanin 1968 da 2006. Daga cikin waɗanda suka ƙare, kashi 43 cikin ɗari sun shiga siyasa ne ta hanyar sulhu, kashi 40 aikin 'yan sanda da jami'an leƙen asiri ya gama da su, kashi 10 sun samu abin da suke nema. Waɗanda ƙarfin soja ya kawar kashi 7 ne kacal. Binciken ya kuma nuna cewa masu fakewa da addini sun fi sauran daɗewa.

To, a auna wannan da abin da ya faru a Borno. A ƙarshen Yulin 2009 an kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, yana hannun 'yan sanda a Maiduguri, ba tare da shari'a ba, aka ɗauka magana ta ƙare. Shekara guda bayan nan mabiyansa, ƙarƙashin Abubakar Shekau, suka fasa gidan yarin Bauchi. A 2011 suka kai hari ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, a Janairun 2012 suka girgiza Kano, a 2014 suka kwashe ɗalibai mata 276 daga Chibok, suka kafa tuta a Gwoza. Shekau kansa ya mutu a dajin Sambisa a Mayun 2021, kuma ba soja ne suka kai shi ƙasa ba, ISWAP ce, wato ɓangaren Boko Haram mai biyayya ga ƙungiyar IS da ya ɓalle daga gare shi a 2016. Hausawa na cewa kashe maciji ba a sare kai ba aikin banza ne. A nan sau biyu ana sare kan, macijin bai mutu ba, domin abin da ke riƙe da ƙungiya irin wannan shi ne kuɗin da ke shigo mata, da samarin da ke shigarta, da wurin da take kwana babu mai damunta.

A ɗauki maganar wuri. Ƙwace gari ba shi ne mai wuya ba; a farkon 2015 sojojin Najeriya da Chadi da Nijar da Kamaru sun ƙwato garuruwa da dama cikin 'yan makonni. Riƙewa ce aiki. Ƙaramin sansani mai soja ɗari ko ɗari biyu a bakin daji, idan mayaƙa suka taru suka afka masa da dare, ɗauki ba ya zuwa a kan lokaci, musamman da damina sa'ad da taɓo ke hana mota motsi. Haka aka yi a Metele a Nuwamban 2018, kuma kowane sansani da ya faɗi, bindigoginsa da harsasansa da motocinsa sun koma hannun abokan gaba. A 2019 sai rundunar soja ta tattara dakarunta a manyan sansanoni. Asarar soja ta ragu, amma aka bar hanyoyi da ƙauyuka a buɗe. Garuruwa irin su Bama da Dikwa da Monguno suka zama an kewaye su da rami, manomi ba ya wuce 'yan kilomita daga gari sai ya shiga hannun masu daji. Manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a Nuwamban 2020 a gonakinsu aka same su. Riƙe gari yana nufin bayan soja a ga ɗan sanda, da alƙali, da malamin makaranta, da shugaban ƙaramar hukuma yana kwana a garin, ba a Maiduguri ba. Inda babu waɗannan, wanda ya zo ya raba gardamar gona ko ta bashi, shi ne hukuma a idon talaka.

ISWAP ta gane wannan fiye da Shekau. Shi yana kwashe dukiyar ƙauye ya ƙone, ita kuwa tana karɓar haraji a kan kifi da shanu da amfanin gona a tsibiran tafki, ta bar mutane su ci gaba da sana'a. Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin toshe wannan kafa da hani. A jihar Diffa ta Nijar, a 2015, an hana hawa babur, an hana cinikin kifi da tattasai, an kwashe mutane daga tsibirai. A Borno an rufe kasuwanni da hanyoyi, an taƙaita sayar da man fetur da takin zamani saboda ana haɗa bam da shi. Niyyar ba ta da laifi. Amma ɗan acaɓa da masunci da mai noman tattasai a bakin kogin Komadugu duk sun wayi gari babu abin yi, kifin kuma bai daina fita ba, sai dai ya bi ta ɓarauniyar hanya da cin hanci a shingen bincike. Abin da ya fi aiki shi ne a buɗe kasuwa, a yi wa dillalai da direbobi rajista, a bi sawun manyan da ke kai fetur da magani da kayan gyaran babur cikin daji. Waɗannan ba su da yawa, kuma a cikin gari suke zaune.

Sai maganar shiga da fita, wadda a ganina ita ce zuciyar lamarin. Wani bincike da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017 ya tattauna da ɗaruruwan tsoffin mayaƙa a Afirka, kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da ya ingiza su daga ƙarshe shi ne wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan uwa ko aboki. Ke nan kamun kan mai uwa da wabi, da tsare mutum shekaru babu shari'a, da kuskuren bam irin wanda jirgin soja ya jefa a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a 2017, duk suna cika wa ƙungiya gurbin da soja ya rage. Kuma suna kashe abin da ya fi tsada a wannan yaƙi, wato bayanin sirri. Abin da ya fitar da Boko Haram daga cikin Maiduguri a 2013 shi ne 'yan kato da gora, samarin unguwa da suka san ɗan gidan wane ne ke ɓoye bindiga. Mutum ba ya kai rahoto ga wanda yake tsoro fiye da ɗan ta'adda.

Kotu ma nan ake tuntuɓe. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi a Kainji a 2017, an sallami ɗaruruwa saboda babu hujja. Sojan da ya yi kamu a fagen daga bai rubuta wuri da lokaci ba, wayar da aka samu ba a adana ta ba, makamin ba a haɗa shi da sunan mai shi ba. Mai laifi ya fita, marar laifi ya fita da ƙullin shekarun da ya ɓata.

Ƙofar fita kuwa dole a bar ta a buɗe, ko da zuciya ba ta so. Nijar ta buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya, Najeriya tana da sansanin Malam Sidi a Gombe tun 2016, kuma bayan mutuwar Shekau dubun dubatar mutane sun miƙa wuya a Borno. Akasarinsu mata ne da yara da manoman da aka tsare a daji, mayaƙa na gaske 'yan kaɗan ne a cikinsu, shi ya sa tantancewa ta fi komai muhimmanci. Idan aka haɗa mai jini a hannu da wanda aka sato, aka sallame su tare, ko aka ba tubabbe jari alhali matar da ya mayar gwauruwa tana layin abinci a sansanin gudun hijira, garin ba zai karɓe shi ba, shi kuma ya san hanyar komawa.

Kada a yi tsammanin zaman teburi irin na Ireland ta Arewa a 1998 ko afuwar Neja Delta ta 2009. Waɗancan suna da buƙatar da gwamnati za ta iya biya. Shugabannin ISWAP ƙasar ce gaba ɗaya ba su yarda da ita ba, don haka cinikin da zai yiwu da ƙananan kwamandoji ne, ɗaya bayan ɗaya. Aljeriya ta bi wannan hanya da dokar afuwa ta 1999 da ta 2005, ta haɗa da matsin soja, kashe-kashe suka ragu ƙwarai. Sai dai ragowar da suka ƙi ajiye makami sun gangaro kudu, suka zama reshen Alƙa'ida a 2007, kuma zuriyarsu ce ke addabar Mali da Burkina Faso da yammacin Nijar a yau. Ɗan ta'addan da aka kora daga Baga, Diffa zai nufa ko tsibiran Chadi. Rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Njamena don toshe wannan aka farfaɗo da ita a 2015, kuma a Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta.