Gawayin Noma: Abin da Karan Auduga Zai Yi wa Gonarka

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya yi noma a yankin Jazira na ƙasar Sudan ya san hayaƙin da ke turnuƙe sama bayan an gama cirar auduga. Ana tumɓuke karan, a tara, a cinna masa wuta don kada tsutsa da cutar ganye su jira shukar baɗi. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai karan nan da ke bin iska ana iya mayar da shi gawayin noma, wanda masana ke kira bayocha, ya zauna a ƙasa ɗaruruwan shekaru. A dajin Amazon na Brazil akwai baƙar ƙasa da mutane suka haɗa da gawayi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, har yau tana ba da amfani.

Ga yadda ake yi. Ka haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, zurfinsa ya kai ƙugu. Ka kunna wuta a gindin da busasshen kara kaɗan. Da zarar ka ga farar toka ta fara fitowa a sama, ka ƙara wani sahu. Harshen wutar da ke bisa shi ke cinye iska, na ƙasa kuwa sai ya gasu ba tare da ya koma toka ba. Idan ramin ya cika, ka kashe da ruwa. Zafin yakan haura digiri 400, don haka tsutsar da ake tsoro ita ma ta halaka.

Ka ɗauki guda ka karya. Ba shi da nauyi, cikinsa duk ƙananan ramuka ne kamar soso. Su ke riƙe ruwa da abincin shuka.

Amma don Allah kada ka zuba shi haka busasshe. Sabon gawayi yakan fara zuƙe abincin da ke ƙasa, sai ka ga dawa ta yi ɗorawa. Ka daka shi, ka cakuɗa da kashin awaki ko na shanu, ka jiƙa, ka bar shi mako biyu zuwa huɗu. Mai turke ya shimfiɗa shi ƙarƙashin dabbobi, fitsarinsu ya yi aikin.

Kuma ba kowace ƙasa ke buƙatarsa daidai ba. Jigawar Kordofan da Darfur, inda ruwa ke zurarewa, ita ta fi morewa. Baƙar lakar Jazira da Gadarif da ta wajenmu a Mai Wurno tana da kanwa-kanwa, gawayin ma haka, saboda haka a nan ka fara da kunya biyu ko uku ka ga yadda za ta kaya.

Kada kuma a sare dakwara ko bagaruwa da sunan gyaran gona. Ga ɓawon gyaɗa, ga miskit, wani itace mai ƙaya da aka shigo da shi Sudan a 1917, ya mamaye gonakin Kasala da Tokar har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995.

Sai batun guba, wanda ya fi tsaya mini a rai. Inda ake wanke zinare da zaiba, ko inda dattin masana'anta ke malala, ƙasa da ruwa suna ɗaukar ƙarafa masu cutarwa. Gawayin noma yana kama irin su dalma, ya rage abin da saiwa ke zuƙa zuwa cikin kuɓewar da yaranmu ke ci. Zaiba ta fi wuyar kamu, galibi sai an haɗa gawayin da farar wuta. Kuma gubar tana nan a jikinsa, bai kashe ta ba. Don haka wanda aka tace gurɓataccen ruwa da shi kada ya shiga gona, kada ya shiga murhu. A binne shi nesa da rijiya da hanyar ruwa. Ruwan da aka tace ɗin ma kada a sha sai an gwada shi.